AMSAR WASIƘUNKU: TA INA ZAN FARA KARATUN FALSAFA?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga nan kusa, daga wani ɗan'uwa mai tireda a Unguwar Sarki, Kaduna. Ya ce makarantarsa ta boko ta tsaya a firamare, amma yana karatun zaure. Ya ji ana zancen falsafa, ya so ya leƙa, sai yayansa ya ce masa ai wannan karatun shi ke ɓatar da mutum daga addini. Yana tambaya: gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, ta ina zai fara?

To ɗan'uwa, mun gode. Kalmar falsafa daga harshen Girkawa Larabawa suka aro ta, ma'anarta son hikima. Aikinta bin diddigin magana: me ya sa ka ce abu kaza gaskiya ne, kuma hujjarka ta tsaya ko ba ta tsaya ba?

Kada ka raina tsoron da yayanka ya ji, domin malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Ibn Salah da Imam Nawawi sun hana karatun manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, wanda shi ne ƙofar falsafa. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, cewa ya yi a koye shi. Shi kansa sai da ya yi kusan shekara biyu a Bagadaza yana karanta littattafan masu falsafa kafin ya yi musu raddi. Ya kafirta su a kan mas'ala uku, amma ya ce lissafi da manɗiƙi ba su da wata rigima da addini.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Ka san Ahalari, ɗan littafin nan na tsarki da salla da ake farawa da shi a zaure? To mai shi, Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mutumin Aljeriya, shi ne kuma ya rubuta Sullamu, waƙe a kan manɗiƙi mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai. Ya tsara shi a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin nan da na faɗa maka, ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai kaifin hankali wanda ya riga ya san Alƙur'ani da Sunna. Ka ga ke nan malamin da ya koya maka alwala shi ne zai riƙe hannunka a nan ma. Shawarata ita ce ka fara da Sullamu, a gaban malami, baiti biyu ko uku a rana. Ka tambayi masu sayar da littattafai a bakin Masallacin Sultan Bello, ga shi nan kusa da kai.

Me za ka samu a ciki? Bari in ba ka misali da gona. Wani ya ce: duk gonar da ta sha taki tana yin kyau, gonar maƙwabcina ta yi kyau, ashe ya sa taki ke nan. Da jin maganar kamar ta zauna daidai, amma ba ta zauna ba. Wataƙila fadama ce, wataƙila sabuwar saura ce da ta huta shekara uku. Taki na kawo kyau, amma ba shi kaɗai ke kawo shi ba. Da irin wannan karkatacciyar hujja dillali ke cin kasuwarka, da ita kuma mai maganin gargajiya na lasifika ke sayar da kwalba. Wanda ya yi wata biyu a kan manɗiƙi, kunnensa zai riƙa kama ta tun kafin a rufe baki.

Ni da nake wannan magana na taɓa yin kuskuren farawa ta sama. Ina kwalejin horon malamai na ji sunan Aflatun a darasin ilmin koyarwa, na tara kuɗin aljihuna na sayo wani ƙaton littafi na Turanci. Ban wuce shafi na goma ba. Har yau yana nan cikin akwati, asu ne kawai ya amfana da shi.

Bayan Sullamu, ka nemi wanda zai karanta maka Hayyu bin Yaƙzana na Ibn Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185. Labari ne na yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Ranar da ta mutu ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya fita daga jikinta har ta daina motsi, daga nan tunaninsa ya yi ta hawa har ya gane akwai Mahalicci. Ana jinsa kamar tatsuniya, amma kowane mataki hujja ce.

Ka kuma gaya wa yayanka, cikin ladabi, cewa a gidan Shehu Usmanu ma an yi wannan karatu. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Baturen nan Barth ya sadu da shi a ƙasar Sakkwato a 1853, ya yaba ilminsa. In ka samu sarari wata safiya, ka taka zuwa Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, inda aka ajiye tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu tun da aka mai da shi cibiyar tarihi a 1970. Ka tafi da yayan naka in ya yarda.

Wasiƙa ta gaba a kan farashin takin zamani ce, amma lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.