Ciwon Jikin da Gwaji Ba Ya Nunawa: Mu Fara da Gorar Ruwa

Jawabi ga iyaye mata da dattawan ikkilisiya a Kurmin Mashi, Kaduna



A zagayen da muke yi, kukan da muka fi ji shi ne ciwon jiki. An sha maganin zazzaɓi, an sha na taifot har sau uku, an auna jini an ce babu komai, amma mama tana tashi da safe kamar wadda ta kwana tana noma. Har maigida ya fara cewa lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Akwai ciwon da likitoci suke kira faibromayaljiya: ciwo ko'ina a jiki fiye da wata uku, gajiya, barcin da ba ya hutar da mutum, da yawan mantuwa. Ya fi kama mata. Ba ya cinye ƙashi ko gaɓoɓi. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne suke ƙara wa zafi ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya. Shi ya sa hoton asibiti ba ya ganinsa.

Amma kada kowa ta sa wa kanta sunan ciwo. Likita ne zai fara duba ko ba sikila ba ne, ko ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo. Wadda za ta iya, ta je Asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya, ta nemi ganin masu gashin ƙashi kuma.

A 2017 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fitar da shawarwari a kan wannan ciwo, kuma abin da ta fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki, har da ɗaga nauyi. Mun san abin da za ku ce: "Mu da muke daka, muke ɗebo ruwa, wane nauyi ya rage?" Gaskiyarku, amma ku duba yadda abin yake faruwa. Ranar da jiki ya ɗan sake, sai a yi wankin mako, a ɗauki jarka mai lita 25, wato kilo 25 ke nan a ka, sannan a kwanta kwana uku. Wannan aiki ne mai karya mutum. Abin da muke magana a kai nauyi ne ƙarami, a ƙidaye, wanda ake ƙarawa sannu a hankali har tsoka ta saba.

Ba sai an sayi ƙarfe a Panteka kamar samarinmu masu neman ƙirji ba. Ledar fiya wata rabin kilo ce, gora mai lita ɗaya kilo ɗaya. A riƙe gora a kowane hannu, a naɗe gwiwar hannu sau biyar. A zauna a benci a miƙe sau biyar. A dafa bango a tura jiki sau biyar. Kada a riƙe numfashi. Sau biyu a mako ya isa, da hutun kwana biyu a tsakani. A tsaya tun da sauran ƙarfi, nan ne yawancinmu muke kuskure.

Makonnin farko jiki zai yi tsami. Idan tsamin ya wuce kwana biyu, an yi yawa: a rage, kada a daina. Ranar da ciwo ya tashi, a yi rabi, ko a ɗan taka a tsakar gida. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Muna roƙo kuma a rage ƙwayoyin kemis, gama yawan shansu yana ɓata ciki da ƙoda.

Maza, jarkar nan ku da yara za ku ɗauka. Yanzu kowace mace ta ɗauki gorar da ke gabanta mu gwada tare.