Jawabi ga 'yan kasuwa da ma'aikatan Dakoro kan diyyar asiransi da kuɗin hayar mota



Duk mai mota a garin nan ya san hanyar Maraɗi ta Kornaka, ya kuma san yadda saniya ko ramin hanya ke kifar da motar da aka shekara goma ana tara kuɗinta. Ranar hatsari ana gode wa Allah da aka fita da rai. Ranar da kamfanin asiransi ya faɗi abin da zai biya, sai mai mota ya riƙe baki.

Dokar da ke hukunci a nan ita ce dokar CIMA, wadda ƙasashen kuɗin sefa, har da Nijar, suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta asiransin ɓarnar da mota ta yi wa wani. Mafi yawan direbobi wannan kaɗai suke yanka, domin jandarma shi yake tambaya. Wannan takarda ba ta gyara motar mai ita. In ɗaya direban ne da laifi, kamfaninsa ake bi, shi ya sa takardar binciken jandarma ta fi rantsuwar shaidu goma. In kuwa a Jibiya ko Katsina abin ya faru, sai da katin CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982.

A sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 5 na aiki. Daga nan zai aiko mai kimanta ɓarna, shi kuma yakan rage kuɗin kayan gyara saboda tsufan mota, ko ya ce gyara ya fi ƙarfin darajarta. Waɗanda suka ga karyewar sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makwanni, sun san yadda kimar takarda ke rabuwa da farashin kasuwa. Mai mota yana da ikon ɗauko nasa mai kimantawa da kuɗinsa. In biyun sun saɓa, a nemi na uku.

Inda gardama ta fi zafi shi ne kuɗin haya. Ɗan kasuwar da motarsa ke kwance dole ya yi hayar wata don kada kayansa su rasa kasuwa. A misali, garaji ya riƙe mota kwana 40 ana jiran kaya daga Kano, mai kimantawa kuwa ya rubuta cewa aikin na kwana 6 ne. Kwana 6 kamfani zai so ya biya. Sauran sai da hujja: rasit na haya mai kwanan wata, takardar makanike mai faɗin ranar shiga da dalilin jinkiri, da wasiƙun da suka nuna kamfanin ne ya makara wajen aiko mutuminsa. Hayar da aka ƙulla da baki a tasha, bisa amana kamar yadda aka saba, ba ta da nauyi gaban alƙali.

Kada a sa hannu a takardar karɓar kuɗi mai cewa magana ta ƙare, muddin ba a gamsu ba. Akwai ofishin kula da kamfanonin asiransi a ma'aikatar kuɗi a Yamai, akwai kotu. Sai dai aya ta 28 ta ba da shekara 2 kacal ga mai ƙarar kamfaninsa. Wasiƙa mai rajista ta neman biya tana sabunta wa'adin, alkawarin baki na wakilin kamfani ba ya sabunta shi.