Yaushe rabonka da awon jini?



Daminar bara kawuna ya yanke jiki ya faɗi a gonar dawa nan Danko. Kafin mu isa Zuru, ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne. Shekara uku yana kukan ciwon kai, muna sayo masa farasitamol. Ni da digirina, wallahi ban taɓa cewa a auna shi ba.

Da na auna nawa, 142/92, ga shi ban kai talatin ba. Na rage gishiri da magi, na bar sigari.

Ranar kasuwa, kafin ka sayi data, ratsa kemis a auna ka. In ya kai 140/90, wuce asibiti a sake dubawa.