Bayan An Cire Mama: Hannu, Miji da Nisan Yamai

 

Mun saba idan mace ta dawo daga aikin sankarar mama mu cika ɗakinta da barka da arziki, mako guda mu watse. Ni kuwa a kan watannin da ke biyo baya nake son mu tsaya.

Aikin iri biyu ne: ko a cire maman gaba ɗaya, ko a cire kullutun a bar sauran, sannan a gasa wurin da na'ura. Umberto Veronesi a Italiya da Bernard Fisher a Amurka sun bi matan da aka yi wa kowanne har shekara 20, suka bayyana a 2002 cewa, in an kama cutar da wuri, tsawon rai ɗaya ne. Bambancin yana ga yadda mace ke ji da jikinta. To amma ƙaramin aikin ba ya tafiya sai da gashi, na'urar gashin kuwa sai a 2021 ta fara aiki a Yamai, kusan kilomita 700 daga garinmu Cadawa. A haɗa kuɗin mota, masauki na makonni, da gonar da aka bari. Ga shi yawanci sai ƙurjin ya fashe, an gama da mai magani, ake zuwa likita. A lokacin zaɓi ya riga ya ƙare.

Sai hannu. Idan aka kwashe kaluluwar hammata a wurin aikin, ruwan jiki yakan rasa hanya, hannu ya kumbura. Na ga wata baiwar Allah da awarwaronta ya daina wuce tsintsiyar hannu. Ta ɗaga taɓarya sau uku ta ajiye, hawaye na zuba. A garin da mace ke daka, ta ja guga, ta saɓa goyo, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Akwai abin yi: ta tsaya gaban bango tana hawa da yatsu kullum, ta riƙa ɗora hannun kan matashi, ta kiyaye shi daga ƙuna da yanka, kumburi na farawa ta koma likita.

Yanzu gare ku, maza. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Odigie da abokan aikinsa sun bi matan aure 81 da aka cire wa mama. Rahotonsu na 2010 ya nuna bayan shekara 3, kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Abin ya tsaya mini a rai. Matar da ta ga an saki maƙwabciyarta, ranar da ta ji kullutu a jikinta ɓoyewa za ta yi, har ya fashe.

Cutar nan ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a shimfiɗa. Mai gida, ka raka ta likita da ƙafarka, ka ji bayanin aikin da kunnenka, kada kwananta ya faɗi. Ku kuma telolin Cadawa, iyayenmu na cusa tsumma a riga don kada a gane su a gidan biki. Ku ɗinka musu rigar mama mai aljihu, da ɗan matashin auduga mai laushi da za a iya cirewa a wanke.