Ranar da Na'ura Ta Tsaya



A shekarar 1909, tun rediyo ma bai shiga gidaje ba, wani marubucin Ingila, E. M. Forster, ya rubuta gajeren labari mai suna The Machine Stops. A cikinsa kowa yana zaune shi kaɗai a ɗan ɗaki ƙarƙashin ƙasa. Abinci, kiɗa, magani, hira, maɓalli kawai za ka danna, Na'ura ta kawo.

Akwai wata uwa, Vashti, mai abokai dubbai, amma ba ta haɗuwa da kowa ido da ido. Ɗanta Kuno ya kira ta, ya roƙe ta ta zo ya gan ta. Sai ta ji haushi: ai ga fuskarsa nan a faifan da ke hannunta, me kuma yake nema? Nan ne labarin ya fi sosa mini rai. Babu azzalumin sarkin da ya kulle matar nan, daɗi ne ya ɗaure ta. Da Na'urar ta fara lalacewa, kiɗa na sarƙewa, ruwan wanka na wari, mutane suka yi gunaguni kaɗan suka saba, har ta tsaya cak, suka hallaka.

Irin wannan ɗaurin daɗi bai tsaya a labari kawai ba: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Kai da kake saurarena, waya a hannu, yaushe rabonka da ka taka da ƙafarka ka gaida Inna?