Ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa

 Yau hirarmu daga Hasahisa take, garin nan da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nil, yana kallon Rufa'a a ƙetaren ruwa. Zancen jifa za mu yi. Kada ka ce wasan yara ne, ɗan'uwa, don kafaɗar ɗanka muke so mu tsare.

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Hausawa na Jazira ya san abin da ke faruwa in dawa ta fara ɗaukar ido. Tsuntsayen janbaki, waɗanda Larabawan nan ke kira zarzur, su taso kamar hadari, su sauka a hawasha, wato gonar da manomi ke riƙe da ita a cikin wannan babban aikin ban ruwa da ya fara tun 1925, da aka gama madatsar Sinnar. Sai a tura yara tsaro da majajjawa, tun hantsi har faɗuwar rana. Makiyayi ma haka, yana jifa don ya juyo da saniya kafin ta kai bakinta gonar wani. Maharbi kuwa yana da kere, abin da ake kira safarog a nan Sudan. Da yamma sai ka ji yaro na cewa kafaɗa ta riƙe, ba ya iya ɗaga buta. Me ya jawo? Da hannu kaɗai yake jifa.

Bari in kai ku nesa kaɗan, ku ga abin da nake nufi. Akwai wani wasa da ake kira sofbol, mata sun fi shahara da shi a Amurka da Japan. Mai jifa takan tsaya kimanin mita 13 daga mai riƙe da kulki, ta kewaya hannunta sau ɗaya kamar majajjawa, ta saki ƙwallo ta ƙasa, daidai cinyarta. A 2012 wata Ba'amurkiya, Monica Abbott, ta jefa ƙwallon da ya yi gudun kusan kilomita 124 a sa'a. Ko mota a kan titin Madani ba kasafai take kai haka ba. Kafin rabin daƙiƙa ƙwallon ya riga ya iso. A gasar Olamfik ta Beijing kuma, a 2008, Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 cikin kwana biyu, ƙasarta ta ɗauki zinare.

To, ina suka samo wannan ƙarfi? Ba a damtse ba. Ga yadda abin yake tafiya. Da farko ƙafar baya ta tunkuɗa ƙasa, jiki ya zabura gaba da dogon taku. Hannu na tashi sama, ƙugu ya juya gefe, don hannun ya sami hanya. Sai ƙafar gaba ta dira ta cije, kamar an taka burki. In lori ya taka burki, ai kun san yadda kayan baya ke yowa gaba. Haka gudun jiki ke wucewa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa. Damtse ya sauko, ya ɗan dakata a jikin haƙarƙari, sai sauran hannun daga gwiwa ya fyaɗo, wuyan hannu ya biyo, yatsu su sallama. Kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba, babba ta ba ƙarama.

Ku makiyaya kun fi kowa sanin wannan, don kun riƙe bulala. Mariƙinta ba ya wani gudu, bakinta ne ke ƙara. Amma in bulala ta bushe ta sandare, ba ta tsawa. Hannu ma haka ne. Wanda ya ɗaure jijiya, ya cije baki, ya miƙe gwiwar hannu ƙam, ya rage wa kansa gudu, ya kuma ɗora wa kafaɗa nauyin da ba nata ba. Ko a wasan nan, an daɗe ana zaton jifan ƙasa ba ya cutarwa, daga baya likitoci suka gane jijiyar gaban kafaɗa na shan wuya ƙwarai in an yawaita.

Saboda haka, baba, in za ka miƙa wa ɗanka majajjawa, koya masa abu huɗu. Ɗaya, ya tsaya a karkace, ya taka da ƙafar da ba ta ɓangaren hannun jifa ba. Biyu, ya saki hannu laɓa-laɓa, kada ya yi ta wulwulawa sau goma. Kewaye ɗaya ko biyu ya isa, a ƙarshen ne ake sa sauri. Uku, bayan ya saki, ya bar hannun ya ƙarasa tafiyarsa, kada ya katse shi. Huɗu, da safe ya fara da jifa marar ƙarfi har jiki ya ɗumama. In ciwo ya kama gaban kafaɗa ko gwiwar hannu, ya ajiye, ƙanensa ya karɓa, shi ya koma kaɗa gwangwani. In ciwon ya kwana biyu bai sake shi ba, a kai shi asibiti.

Sai gargaɗi. Gudu ba tare da saiti ba fitina ne. Masu magana sun ce kere na yawo, zabo na yawo, wata rana za a gamu. A hawasha akwai masu ciyawa a duƙe, akwai mata a bakin tur'a. A sa wa yaro curin ƙasa maimakon dutse, ya kuma duba gabansa kafin ya saki. Kai kuma mai kiwo, jefa gaban saniya, ba jikinta ba. Idon saniya ɗaya ya isa ya karya mata kuɗi a kara, kan ɗan mutum kuwa ya isa ya haɗa ruga da gari faɗa.

Allah ya tsare amfanin gona, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.