Ɗalibin ilimin muhalli: ina za shi da takardarsa?



Uban da ya taɓa jarin kantinsa, ko ya tsuke albashinsa, don ɗansa ya karanta ilimin muhalli a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko ta Difa, tambayarsa guda ce: in yaro ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?

Zamanin da gwamnati ke kwasar duk mai takarda ya wuce tun lokacin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990. Ma'aikatar gandun daji tana ɗauka, amma sai da jarrabawa, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Saura hanya uku.

Ta farko, doka ce ta buɗe ta. Dokar muhalli ta 1998, da ta 2018 wadda ta ƙarfafa ta, sun wajabta binciken illar da babban aiki zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane kafin a fara shi. Man Agadem, matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, bututun da ya kai man gaɓar tekun Benin a 2024, gyaran mahaƙar uraniyom ta Akouta da aka rufe a 2021: kowane yana bukatar mai awon ruwa da ƙasa. In ɗan ƙasa bai iya ba, baƙo za a ɗauko, kuɗin su fita tare da shi.

Ta biyu, ayyukan ƙungiyoyi masu samun tallafin waje. Albashinsu da tsoka, amma kwangila ce mai wa'adi. Bayan juyin mulkin 2023 wasu masu ba da tallafin sun dakata, ma'aikata da dama suka koma gida. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ta uku ita ce gona. Bayan taron Maraɗi na 1984 kan gusowar hamada, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo a gonakinsu, har aka ƙiyasta itace miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5. Masu hauya ne suka yi wannan. Ɗalibin da ya zauna da su zai ga sana'a: renon dashe, takin gargajiya daga sharar birni, gyaran ƙasar da ta zama fako.

Don haka yaro ya riƙe takardarsa, amma ya koyi awo da taswira da rubuta rahoto, ya kuma iya bayani da harshen manomi. Ɗan kasuwa ya sa jari a sana'ar irin waɗannan matasa. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya tsaya a bi dokar binciken, domin duk binciken da aka tsallake, aikin wani yaro ne aka binne.

Allah ya sa a dace. Wassalam.